Kundin aikin saita sabuwar rauta a ƙaramin ofis

Litinin, 3 ga Maris

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta kowane saiti da na taɓa a sabuwar rauta (na'urar da ke raba intanet ga sauran na'urorin ofis), da dalilin taɓa shi, da abin da ya biyo baya. Abin da ke aiki a halin yanzu shi ne akwatin da kamfanin intanet ya kafa, wanda zaren faiba ke shiga cikinsa, kuma shi kaɗai ke yin aikin modem da na rauta da na Wi-Fi a lokaci guda. Kwamfutocin tebur huɗu, da firinta, da na'urar da ke naɗar hotunan kyamarorin tsaro, da wayoyin ma'aikata da na baƙi, duk a kansa suke rataye. Shafin saitinsa a kulle yake in ban da sunan Wi-Fi da kalmar sirri, don haka babu halin ware wa firinta adireshi na dindindin, balle a raba baƙi da kwamfutocin aiki. Manufar aikin ita ce akwatin kamfani ya koma mai miƙa layi kawai, sabuwar rauta kuma ta karɓi ragamar sauran.

Yau ban haɗa ta da intanet ba tukuna. Na jona kwamfuta da kebul a ɗaya daga cikin kafofin LAN, wato na ɓangaren cikin ofis, na shiga shafinta ta burauza, na sauya kalmar sirrin mai kula da ta zo da ita daga masana'anta, na ɗora sabuwar manhajar cikinta wadda na sauke tun farko daga shafin masu ƙera ta, sannan na kashe damar shiga shafin saiti daga waje. Na adana kwafin saitin kafin in tashi.

Laraba, 5 ga Maris

Na jona kebul daga akwatin kamfani zuwa kafar WAN ta rauta, wato wadda intanet ke shigowa ta cikinta, fitila ta kama, amma babu shafin da ya buɗe. Dalilin bai yi wuyar ganowa ba. Akwatin kamfani yana zaune a 192.168.1.1, rautar ma da 192.168.1.1 ta zo, saboda haka ɓangarenta na waje da na ciki suka faɗa rukunin adireshi ɗaya, ta rasa sanin ko saƙon da ya nufi 192.168.1.1 nata ne ko na akwatin da ke gabanta. Wasu rautoci suna gane wannan karo su sauya adireshinsu da kansu, amma wannan ba ta yi ba.

Na mayar da adireshinta na ciki 192.168.20.1, na bar lambar da ke iyakance rukunin a 255.255.255.0, wadda ke ba da adireshi 254 da za a iya rabawa, abin da ya fi ƙarfin buƙatar ofishin nesa ba kusa ba. Rukunai uku ne ƙa'idar RFC 1918 ta shekarar 1996 ta keɓe domin amfanin cikin gida: wanda ya fara da 10, da wanda ya kama daga 172.16 zuwa 172.31, da kuma 192.168. Na kauce wa 192.168.0 da 192.168.1 da gangan, domin su ne kusan kowace rauta ke zuwa da su, kuma duk ranar da wani ya nemi shiga ofishin daga gidansa ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta cikin intanet, irin wannan karo zai sake faruwa idan rukunin gidansa ya zo ɗaya da namu. Da na danna adanawa sai shafin ya ɓace, wanda haka ya kamata ya faru, tunda kwamfutar tana riƙe da tsohon adireshi. Na zare kebul na mayar, ta karɓi sabo, intanet ya dawo.

Alhamis, 6 ga Maris

Intanet yana aiki, amma rautar tana nuna 192.168.1.7 a matsayin adireshinta na waje, wato akwatin kamfani ne ya ba ta shi kamar yadda zai ba kowace waya. Ma'anar wannan ita ce ana fassara adireshin ciki zuwa na waje sau biyu, NAT a kan NAT, kafin saƙo ya fita. Buɗe shafuka da kallon bidiyo ba su damu da haka ba, sai dai duk abin da ke buƙatar a shigo daga waje zai tsaya a akwatin farko. Na rubuta wa kamfanin ina neman su mayar da akwatinsu yanayin gada, inda zai riƙa miƙa layi kawai, su kuma turo mini sunan shiga da kalmar sirrin PPPoE, wato tsarin da rauta ke shiga layin kamfani da shi.

Asabar, 8 ga Maris

Babu amsa daga kamfani tukuna. Na yi amfani da ranar na zana jadawalin adireshi a takarda, na kuma manna wa kowane kebul alama a bakinsa biyu.

Talata, 11 ga Maris

Kamfanin ya mayar da akwatin yanayin gada da safe, nan take intanet ya ɗauke a ofishin gaba ɗaya, kamar yadda na faɗa wa abokan aiki tun jiya. Na sauya nau'in haɗin WAN daga DHCP, wato tsarin da ke ba na'ura adireshi kai tsaye, zuwa PPPoE, na shigar da sunan shiga da kalmar sirri harafi bayan harafi, na jira. Rautar ta tsaya a kan "ana haɗawa" ba ta gusa ba.

A nan ne rajistar abubuwan da ke faruwa a cikin rauta ta yi amfani. PPPoE yana farawa ne da neman wanda zai amsa: rauta ta aika saƙon PADI, sabar kamfani ta mayar da PADO, sai a ci gaba zuwa tantance suna da kalmar sirri. Rajistar ta nuna PADI yana fita a jere, babu PADO ko ɗaya da ya dawo. Da kalmar sirri ce ba daidai ba, da an kai matakin tantancewa an ga saƙon ƙin amincewa. Tunda ba a ma kai can ba, matsalar tana ƙasa da haka: kiran rautar ba ya isa kunnen kowa. Na sauya kebul, na gwada wata kafa a jikin akwatin, domin a yanayin gada sau da yawa kafa ɗaya tak ake buɗewa, amma babu abin da ya canza.

Da na kira sashen fasaha na kamfanin na karanta musu abin da ke cikin rajistar, sai ma'aikacin ya ce layinsu yana tafiya ne da alamar VLAN, wato lambar da ake liƙa wa saƙonni domin a ware hanyarsu, kuma a da akwatin ne ke liƙa alamar da kansa, yanzu da ya zama gada sai rautar ta liƙa. Wannan bayani ba ya cikin saƙon da suka turo. Ya ba ni lambar, na same gurbinta a ɓoye ƙarƙashin sashen IPTV, wato talabijin ta intanet, na shafin saiti, wurin da ba wanda zai yi tunanin dubawa yana neman intanet. Ina shigar da ita PADO ya dawo, tantancewa ta wuce, layi ya hau. Ofishin ya yi kusan rabin yini babu intanet, kuma wannan ita ce asara mafi girma da aikin ya jawo zuwa yanzu. Na rubuta lambar VLAN a kan takardar da ke ɗauke da bayanan PPPoE, na sake adana kwafin saiti.

Alhamis, 13 ga Maris

Ƙorafi ya fara shigowa, kuma irin mai rikitarwa. Yawancin shafuka suna buɗewa lafiya, amma wasu kaɗan sai su fara su maƙale a tsakiya, kuma saƙon imel mai ɗauke da babban fayil ya ƙi fita daga wata kwamfuta alhali gajerun saƙonni suna tafiya. Zargina na farko ya tafi kan DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, don haka na sauya shi na ɗan lokaci zuwa 1.1.1.1 na Cloudflare da 8.8.8.8 na Google. Bai yi magani ba, kuma da na sake nazari ban ga yadda zai yi ba, tunda shafin da ya riga ya fara buɗewa ya wuce matakin neman adireshi.

Abin da ya haɗa alamomin shi ne girma: ƙaramin abu yana wucewa, babba yana maƙalewa. Ƙunshin bayanai mafi girma da Ethernet, wato haɗin kebul, ke ɗauka a ƙa'ida shi ne bayit 1500, PPPoE kuma yana cin bayit 8 daga ciki domin nasa bayanan, saura 1492. Na duba gurbin MTU na rautar, inda ake saita wannan iyaka, na tarar da 1500, ga alama ta riƙe lambar tun lokacin da take kan DHCP. A ƙa'ida idan ƙunshi ya yi girma, na'urar da ke kan hanya takan mayar da saƙon ICMP ta ce a rage, amma inda aka toshe irin wannan saƙo sai ƙunshin ya ɓace shiru, mai aikawa ya yi ta maimaitawa.

Na tabbatar da zargin da gwajin ping, wato aika saƙo a ga ko amsa za ta dawo, daga kwamfuta mai Windows, tare da umarnin kada a gutsuttsura ƙunshin. Da na rubuta ping -f -l 1472 8.8.8.8 babu amsa. Na riƙa ragewa har zuwa 1464, inda amsa ta fara dawowa. Idan aka ƙara bayit 28 na kan IP da na ICMP a kan 1464, ana samun 1492 cif. Na saita MTU a kan 1492, na kuma kunna zaɓin da ke sa rauta ta daidaita MSS na TCP, wato iyakar bayanan da ake zubawa a cikin kowane ƙunshi, da kanta, wanda ke saukar da shi zuwa 1452, domin kada sai an bi kowace kwamfuta an gyara ta. Imel ɗin da ya maƙale ya fita kafin in rufe shafin. DNS kuma na mayar da shi na kamfani a matsayin na farko, na bar 9.9.9.9 na Quad9 a na biyu, domin ba na son in bar canjin da bai warkar da komai ba ya zauna ya rikita lissafi nan gaba.

Litinin, 17 ga Maris

Na aiwatar da jadawalin adireshi. Daga 192.168.20.2 zuwa 49 na na'urorin da ba sa motsi ne, DHCP kuma zai riƙa rabawa daga 100 zuwa 199, da wa'adin aro na awa 24. Firinta ta samu 10, na'urar kyamarori ta samu 11. Na zaɓi in keɓe musu adireshin a cikin rauta ta hanyar lambar MAC, wato lambar shaidar katin sadarwar na'ura, maimakon in rubuta a jikin kowace na'ura, domin jerin ya kasance a wuri ɗaya, kuma duk wanda ya gaje ni ya same shi a shafi guda.

Keɓewar ba ta zauna a kan wayoyi ba. Tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ƙirƙirar lambar MAC ta bogi ga kowane Wi-Fi domin kare sirrin mai su, saboda haka lambar da ke rubuce a bayanan wayar ba ita rauta ke gani ba. Ban ga dalilin tilasta wa kowa kashe wannan ba, tunda babu wayar da ke buƙatar adireshi na dindindin.

Talata, 18 ga Maris

Kwamfutar da ke ɗakin ƙarshe ba ta wuce megabit 94 a gwajin gudu, alhali sauran suna samun abin da layin ke bayarwa. Wannan lamba ta saba fitowa idan katin sadarwa ya daidaita a kan megabit 100, kuma da na duba haka ne. Gudun gigabit yana buƙatar dukkan tagwayen wayoyi huɗu da ke cikin kebul, na megabit 100 kuwa biyu sun ishe shi, shi ya sa kebul mai tsinkakkiyar waya ɗaya zai ci gaba da aiki a ƙaramin gudu ba tare da ya nuna alamar lalacewa ba. Na'urar gwajin kebul ta nuna waya ta bakwai ba ta kaiwa. Na yanke kan na matse sabo, gigabit ya hau. Abin da aka saya a wannan mataki shi ne ƙullin kawunan RJ45 da abin matse su, kuma in ban da rautar kanta, su ne kaɗai kuɗin da aka fitar zuwa yau.

Asabar, 22 ga Maris

Ranar Wi-Fi. Na fara da kashe na akwatin kamfani, wanda ya ci gaba da watsa sunansa duk da cewa ba ya kai kowa ko'ina. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna idan faɗin tasha ya tsaya a 20 MHz, wato 1 da 6 da 11. Manhajar duba tashoshi ta nuna maƙwabta sun cika 6 da 11, don haka na zauna a 1, na kuma hana rautar faɗaɗawa zuwa 40 MHz, wanda a wuri mai cunkoso ba ya ƙara komai sai hayaniya. A zangon 5 GHz na zaɓi tasha 36. Tashoshin da suka fara daga 52 sun fi zama fili, amma ana raba su da na'urorin rada, kuma wajibi ne rauta ta saurara kafin ta fara watsawa, ta kuma tashi daga tashar idan ta ji rada, abin da ke iya yanke kiran bidiyo ana tsakiyar magana.

Wajen tsaro na so in tsaya a kan WPA3 zalla, tsarin kulle Wi-Fi da aka fitar a 2018, sai firintar ta ƙi ganin Wi-Fi ɗin sam. Maimakon in sassauta wa kowa saboda ita, na ja mata kebul, na bar saitin a haɗakar WPA2 da WPA3 saboda tsofaffin wayoyi biyu. WPS kuwa, wato hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ta gajeriyar lamba ko maɓalli, na kashe shi. Tun 2011 aka nuna cewa lambarsa mai alƙaluma takwas ana tantance ta ne rabi-rabi, kuma alƙalami na ƙarshe na lissafin tabbatarwa ne kawai, ta yadda gwajin da bai wuce dubu 11 ba ya isa a fasa ta komai tsawon kalmar sirrin da aka sa.

Na buɗe wa baƙi nasu Wi-Fi a rukunin 192.168.30, da wa'adin aro na awa 2, kuma an katange shi daga na ofis. Na gwada da wayata: intanet yana zuwa, firinta da shafin rauta ba sa amsawa.

Laraba, 26 ga Maris

Sigina ba ta kaiwa ɗakin taro da ƙarfi. Na ɗauko wata tsohuwar rauta daga ma'ajiya, na ba ta 192.168.20.2, na kashe DHCP ɗinta, na jona kebul a kafarta ta LAN na bar WAN babu komai, na sa mata suna da kalmar sirri iri ɗaya da na babbar amma a tasha 11. Ta yi aiki.

Laraba, 2 ga Afrilu

Jiya da yau sun tafi a kan matsala mafi wahalar kamawa tun fara aikin. Wasu na'urori suna da intanet, wasu ba su da shi, kuma waɗanda abin ya shafa suna sauyawa: kwamfutar da ke aiki da safe sai ta daina bayan an kashe an kunna, wata da ta ƙi aiki kuma ta dawo da kanta. Kashe babbar rauta da kunna ta bai canza komai ba, rajistarta kuma tsaf take, layin PPPoE bai taɓa faɗuwa ba.

Na zauna a gaban ɗaya daga cikin kwamfutocin da suka ƙi, na rubuta ipconfig /all. Na yi tsammanin ganin adireshi mai farawa da 169.254, wanda kwamfuta ke ba kanta idan ta nemi DHCP ba ta samu ba. Abin da na gani shi ne 192.168.0.103, ƙofar fita 192.168.0.1, sabar DHCP ita ma 192.168.0.1. Babu irin wannan rukuni a jadawalina. Ke nan akwai wata na'ura a cikin ofishin da ke raba adireshi ba da izini ba. Kwamfuta idan ta tashi takan yi shela ne ga kowa tana neman adireshi, kuma yawanci tayin da ya riga isowa shi take karɓa, shi ya sa abin ya zama kamar canki-canka: wadda babbar rauta ta riga amsa wa ta tsira, wadda ɗayar ta riga ta samu ƙofar da ba ta fita ko'ina. Liman biyu ne a masallaci ɗaya, kowa da waɗanda suka bi shi.

Umarnin arp -a ya ba ni lambar MAC ta 192.168.0.1, rabin farkonta kuma, wanda ke nuna kamfanin da ya ƙera na'ura, ya dace da tambarin da ke ƙasan tsohuwar rautar ɗakin taro. Da na bincika sai na ji cewa ranar Litinin wani abokin aiki ya ga Wi-Fi ya yi nauyi, ya sa tsinke ya danne ɗan maɓallin da ke bayanta yana zaton na sake kunnawa ne, alhali na mayar da ita saitin masana'anta ne. DHCP ɗinta ya farka tare da komai. Abin bai bayyana nan take ba saboda kowace na'ura tana riƙe da aronta, kuma takan sabunta shi kai tsaye wurin wadda ta ba ta idan rabin wa'adi ya cika, sai waɗanda aka kashe aka kunna ko suka shigo sabo ne suka riƙa faɗawa.

Na zare ta, na sake saita ta ita kaɗai a kan tebur, na adana kwafin saitinta wannan karon tare da na babbar, na rufe ramin maɓallin da salatif. A kwamfutocin da suka ɗauki gurɓataccen adireshi na yi ipconfig /release sannan ipconfig /renew, wayoyi kuma aka kashe Wi-Fi aka kunna. Ra'ayina shi ne wannan dabara ta tsohuwar rauta ba ta dace da wurin da hannaye da yawa ke kaiwa ba, don haka na sa na'urar faɗaɗa Wi-Fi ta ainihi, wadda ba ta da aikin raba adireshi, a jerin abubuwan da za a saya.

Asabar, 5 ga Afrilu

Komai lafiya. Na daidaita agogon rauta da sabar NTP mai ba da lokaci domin lokutan da ke cikin rajista su zama abin dogaro.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na zo kan abin da ya sa aka nemi yanayin gada tun farko, wato ganin kyamarori daga waje. Na buɗe ƙofa a rauta zuwa 192.168.20.11, wato na'urar kyamarori, na gwada da datar waya, babu amsa. Saitin daidai yake, don daga cikin ofis na'urar tana amsawa a wannan ƙofa. Da na duba adireshin WAN sai na ga yana farawa da 100.72, shafin da ke nuna wa mutum adireshinsa na duniya kuma yana nuna wata lamba dabam. Rukunin da ya kama daga 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255 ƙa'idar RFC 6598 ta 2012 ta keɓe shi ga kamfanonin intanet domin su haɗa abokan ciniki da yawa a bayan adireshi ɗaya, saboda ƙarancin adireshin IPv4, tsohon tsarin adireshin intanet. NAT ɗin da na cire daga akwatin ofis ashe akwai wani a can cikin kamfanin, kuma wannan babu saitin rauta da zai taɓa shi.

Na rufe ƙofar da na buɗe, na kashe UPnP, wanda ke ba na'urori damar buɗe ƙofa da kansu, tunda babu amfanin da zai yi a wannan hali. Hanyoyi uku ne a gabana. Ta farko ita ce a nemi adireshin IPv4 na kanmu daga kamfani, wanda ƙarin kuɗi ne kowane wata kuma sai shugaban ofis ya amince. Ta biyu ita ce IPv6, sabon tsarin adireshi, idan kamfanin yana bayarwa a kan wannan layi. A yanzu na'urorinmu ba su da komai na IPv6 sai adireshi mai farawa da fe80, wanda ba ya fita daga cikin gida, kuma ina buƙatar sanin ko za su ba mu rukunin /56, wanda za a iya rarrabawa zuwa ƙananan rukunai, ko /64 kaɗai, domin /64 ɗaya ba zai ishi ofis da baƙi a rarrabe ba. Ta uku ita ce VPN da zai fita daga ciki zuwa wata saba a waje, wanda ba ya buƙatar a buɗe ƙofa ko ɗaya, kuma ita na fi karkata gare ta, domin ban natsu da barin na'urar kyamarori tana fuskantar intanet kai tsaye ba.

Na aika wa kamfanin tambaya a kan adireshin da kuma IPv6. Kafin amsarsu ta zo, ranar Alhamis zan auna yadda jinkirin ping ke ƙaruwa idan ana ɗora manyan fayiloli, domin masu kiran bidiyo sun ce murya tana yankewa da rana, in ga ko kunna SQM, mai tsara jerin fitar saƙonni, da rage iyakar gudu kaɗan ƙasa da na layin zai daidaita shi.